Kunkuru Sarkin Kasuwa da Ramin Gafiyoyi

Ga ta nan ga ta nanku.

Kunkuru ne ya gina kasuwa a bakin daji, ya yanka rumfuna ya ba da haya. Bushiya tana sayar da magani, Dila yana canjin kuɗi, Aku kuma ya kafa allon labarai. A bakin ƙofa Kare ke gadi, duk wanda ya shigo sai ya duba sawunsa ya rubuta.

To, akwai waɗanda ba sa so a ga sawunsu. Su sai su ba gafiyoyi aike ta cikin rami. Akan naɗe saƙon riga uku kamar albasa. Gafiya ta farko ta san mai aiken, ba ta san inda za a kai ba. Ta tsakiya 'yar'uwarta ta baya da ta gaba kaɗai ta sani. Ta uku ita ke ɓullowa kasuwa, ta san rumfar da za ta, amma ko za a yanka ta ba ta san mai saƙon ba. Masu harkar intanet sun san ramin nan, shi ne Tor, wanda ya fara aiki a 2002, kuma jerin bakunansa na fita a bayyane yake ga kowa.

Kura ta ji labari. Ta dinga aiko makullai ana gwadawa a kwaɗon Dila dare da rana, ta sa ana rubuta zagi a allon Aku. Sawun da ake gani kullum na gafiya ta uku ne, ita ke shan duka.

Kunkuru ya fusata. Ya karɓi jerin bakunan rami, ya ce wa Kare, "Toshe su duka." Bai shawarci ɗan haya ko ɗaya ba.

Kasuwa ta yi tsit, Kare ya samu barci. Amma Kura ba ta daɗe ba ta nufi gidan Gizo, wanda ke sato takalman mutanen gari suna barci yana ba da haya. Ta dawo da sawun Tunkiya, gobe da na Akuya, Kare na yi mata sannu da zuwa.

Bushiya ce ta fara lura. Ta je ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, ina masu ciwon da ake jin kunyar faɗa? Ina Zomanyar da mijinta ke bin sawunta? Ina Kuregen garin Zaki, inda aka hana jin labari?"

Kunkuru ya ce, "Iya, ai ba wanda ya kawo mini ƙara."

Ta ce, "Ta wace ƙofa zai kawo, bayan ka toshe wadda yake bi?"

Nan jikin Kunkuru ya yi sanyi. Ɓarnar Kura kowa ya gani, an ma rubuta ta a littafin Kare, amma waɗanda suka juya daga bakin rami da ciwonsu ba littafin da ya ɗauke su, kuma wannan shi ya fi ci mini rai a labarin nan.

Aka tara 'yan haya. Dila ya ce shi dukiyar mutane yake riƙe da ita, ba zai karɓi aiken rami ba, aka ce ya yi gaskiya. Aku ya ce kowa ya karanta allonsa, amma ba a rubutu ta rami, kamar yadda Wikipedia ke yi. Bushiya ta ce a buɗe nata baki ɗaya. Aka kuma yi doka: duk wanda ya gwada makulli sau uku bai buɗe ba, a kore shi, ko da sawun wa ya zo.

Kare ya yi ta gunaguni, don aikinsa ya ƙaru. Kunkuru ya ƙara masa ƙashi biyu a ladan wata.

Ƙurunƙus.