Jikan Manoma da Sandunan Ɓaure

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san dashen cediya ba ya buƙatar karatu. Idan damina ta kankama sai a sari reshe mai kauri, a haƙa rami a ƙofar gida, a kafa, a kewaye da ƙaya saboda awaki, kowa ya kama gabansa. Bayan 'yan shekaru a inuwarta za a ɗaura aure. Haka durumi. Da wannan ilimi na gado na sauka a birnin Shefil na ƙasar Ingila, da shi kuma na karɓi kyautar da ta kusa raba ni da gidan haya.

Maƙwabcinmu wani dattijo ne Baturke, sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci, kowa Baba yake ce masa. A bayan gidansa, jikin bangon da ke kallon kudu, yana da bishiyar ɓaure, ba irin namu na bakin rafi ba, wanda Larabawa ke kira tin, mai sura guda a Alƙur'ani. Ƙarshen watan Agusta ya aiko mana da 'ya'yanta a faranti, muka ci har yara suka lashe farantin. Tun daga ranar nake yi masa gaisuwa mai tsawo. Da Disamba ta shigo, ganye ya zube, bishiya ta yi barcin hunturu, sai ya miƙo mini ɗaurin sanduna ta saman katanga. Kowace ba ta wuce sentimita 20 ba, kaurin fensir, da gaɓa uku ko huɗu.

Ya ce, "Ɗana, ba su son komai sai ɗumi da ɗan danshi. Ka sa su a kofi, ka rufe, ka manta da su. Kada ka riƙa leƙawa."

Na ce, "Baba, jikan manoma kake yi wa bayani."

Ya dube ni, ya ce Allah ya sa albarka. Yadda ya ja kalmar ƙarshe bai yi mini daɗi ba.

Daren nan na zauna bincike, ba don ban sani ba, don dai in tabbatar Baba bai manta da wani abu ba. A nan na gano cewa aikin da zan shiga ya girmi noman alkama a wajen wasu masana. A shekarar 2006 an ba da rahoton busassun 'ya'yan ɓaure da aka tono a wani tsohon ƙauye mai suna Gilgal a kwarin kogin Urdun, kusa da Yariko, masu kimanin shekara 11,400. Irin da ba ya yin ƙwayar da za ta tsiro ne, don haka aka ce lallai mutanen wurin reshe suke karya suna kafawa. Na kira uwargida na karanta mata. Ta ce, "To Malam, su da ba su da intanet ma sun iya, kai me zai hana ka?" Na ɗauka yabo ne.

Na wanke sandunan da ruwa mai ɗan bilic don kashe funfuna, na shanya su a tire a kicin. Da na dube su sai na ga aikin Baba babu tsari: wani gefen a miƙe ya yanka, wani a karkace. Na ɗauko wuƙa na daidaita musu kai da gindi, suka fito tsaf. Daga baya ne na ji wai da gangan masu wannan sana'a suke haka, miƙaƙƙen yanka shi ne gindi, karkatacce shi ne kai, domin reshe ya san samansa da ƙasansa, kuma saiwa ta gindi take fitowa ko da ka juya shi. Akwai wata alamar, tabon da ganye ya bari yana ƙasa, idon toho yana samansa. Baba bai faɗa mini ba, don haka alhakin waɗanda aka binne da ka yana wuyansa.

Kafin a kai ga binnewa ma an yi rashi. Ƙanin uwargida, ɗalibi ne a wani gari, ya zo mana hutu. Da asuba ya shiga kicin ya ga sanduna an wanke an jera, ya ce wannan gida akwai karamci, har asuwaki ake tanadar wa baƙo. Ya zaɓi mafi kyau ya hau tauna. Ina alwala na ji ihu. Na tarar da shi a gaban madubi, leɓe ya yi suntum, yana ta tofar da yawu.

"Yaya, wane irin asuwaki ne wannan?"

Na yi masa bayani a natse cewa farin ruwan ɓaure yana da wani sinadari mai narkar da nama, har akan daskarar da madara da shi a yi cuku, kuma akwai wani da idan ya taɓa fata rana ta buga sai wurin ya yi bororo. Na ce ya gode wa Allah a Ingila yake a watan Disamba, inda rana sai dai a ji labarinta. Bai gode ba. Ya yar da sandar a kan tebur ya tafi neman ƙanƙara.

Sauran na dasa su a kofunan roba masu nuna ciki, na huda gindinsu, na cika da niƙaƙƙen ɓawon kwakwa gauraye da wata farar tsakuwa mara nauyi da ake sayarwa a shagon kayan lambu, na rufa musu leda. Saura ɗumi. An ce saiwa ta fi son digiri 21 zuwa 25. Na yi lissafin da duk mai hankali zai yi: idan a wannan ɗumin sai an yi mako uku zuwa shida, ninka ɗumin zai rage jiran. Na jera rabinsu a kan hitar ɗaki, irin mai bututun ruwan zafi da hannu ba ya iya daɗewa a kanta. Washegari uwargida ta shigo tana shinshina, ta tambaya wa ya ɗora jiƙo a falo.

Waɗanda suka tsira na nema musu ɗumi mai sauƙi. Na bi gidan ina dafa kaya da tafin hannu har na kai ga na'urar intanet, ɗuminta daidai, dare da rana. Na ɗora kofuna a kanta. Abin da masu ƙera na'urar ba su yi tunani a kai ba shi ne kofi mai huji yana ɗiga. Ranar Asabar da hantsi, yara suna tsakiyar kallo, 'yan fitilunta suka yi ƙyaf-ƙyaf suka mutu. Ban taɓa sanin auta ta iya harara ba sai ranar.

Sai ga nasara. Wata safiya na ɗaga leda na ga kore. Ido ya fashe, ɗan ganye mai yatsu ya buɗe. Na ɗauki hoto ta kowace kusurwa na tura zauren WhatsApp na dangi. Na yi wa mahaifiyata Hajiya alkawarin busasshen ɓaure na buɗe-baki. Na sanar da kawunnaina cewa Turkiyya, wadda ta fi kowace ƙasa noman ɓaure, tana samar da sama da tan 300,000 a shekara, galibin busasshen daga lardin Aydin, ta fara samun abokin gasa. Wani ƙanina ya tambaya ko zan ɗauki ma'aikata.

Baba ya leƙo ya ga ganyen, bai yi murmushi ba. Ya ce ganye ba shaida ba ne. Reshe yana da ɗan guzurin abinci a jikinsa, da shi yake fitar da ganye ko babu saiwa ko ɗaya, kamar angon da ya ci bashi ya haɗa lefe: ana guɗa a waje, cikin gida babu ko ƙwayar hatsi. Ganyen yana fitar da ruwa, babu mai janyo wani, sai reshe ya bushe. Ya ce in jira in ga farar saiwa ta jikin kofi.

Jira ba matsala ba ne, amma mutum yana da haƙƙin sanin halin da dukiyarsa take ciki. Kullum bayan sallar isha'i nakan zaro sanda ɗaya a hankali in duba in mayar. Wata rana na zaro na ji ɗan tas, na ga fararen zare biyu sun rage a cikin kofin. Na tabbatar akwai saiwa, ko in ce an yi saiwa. Da na ga ganye ya fara lanƙwasa kuwa, sai na ƙara ruwa, domin ban taɓa jin inda ƙishirwa ta warke da kallo ba. Ashe gindin reshe yana numfashi, idan ƙasa ta jiƙe sharkaf iska ba ta shiga, sai ya ruɓe, ɓawon ya saɓule. Ƙa'idar wai a matse ƙasar a hannu, in ta ɗiga ruwa ya yi yawa. Tawa ko ba a matsa ba tana ɗiga.

Danshi ya gayyato baƙi. Farar funfuna ta yi wa sandunan gemu. Wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu son jiƙaƙƙiyar ƙasa suka tare, suna ƙwai a kofunan, tsutsotsinsu suna cin 'yar saiwar da ta rage, iyayen suna iyo a shayin uwargida. Na rataye takardu masu danƙo ruwan ɗorawa a ko'ina, na farko da suka kama shi ne ɗankwalinta.

Na yanke shawarar haske ne ya yi kaɗan, tunda a Disamba da farkon Janairu kafin ƙarfe huɗu da rabi rana ta faɗi. Na sayo fitilar shuka mai haske shuɗi-ja, na liƙa takardar ƙyalli ta naɗe abinci a bango don ta mayar da hasken, na kunna har dare. Ban san cewa a Ingila taga mai irin wannan haske, da gumi a gilashi, da takardar ƙyalli, alama ce da kowa ya sani ta masu noman wiwi a ɗaki ba. Kwatsam sai ga mai gidan haya da kansa, wai ya zo duba bututu. Bai kalli bututu ko ɗaya ba. Ya tsaya kan kofunan, ya ɗaga wani ganye mai yatsu da bakin alƙalami, ya sunsuna. Na yi ta rantsuwa da Turancin da ya gudu ya bar ni. Sai da aka kira Baba ya ba da shaida. Mai gidan ya ƙara duban gawarwakin, ya ce ya yarda, domin masu wancan noman ba sa kashe shukarsu haka.

Don ya sanyaya mini zuciya, Baba ya ɗauke ni yawo bakin kogin Don, wajen Medohol, inda a da masana'antun ƙarfe suke. Ya nuna mini manyan bishiyoyin ɓaure a gaɓar kogin, wasu daga cikin tsagar bango suka fito. Ba wanda ya dasa su. Masana tsirrai, irin su marigayi Oliver Gilbert na jami'ar garin, sun ce ƙwayoyin daga ɓauren da mutane suka ci ne, suka bi magudanar bayan gida zuwa kogi. A lokacin masana'antu suna sanyaya ƙarfe da ruwan kogin su mayar da shi da ɗumi, wajen digiri 20, sai ƙwayoyin suka tsiro. Na tsaya ina kallon bishiyar da ta bi ta masai ta zama ƙasaitacciya, ni kuwa da bilic da fitila da addu'a ban fitar da ko ɗaya ba. Na ce wa Baba wannan ba sanyaya zuciya ba ne. Ya ce bai gama ba, mu je gidana.

Kicin ya wuce kai tsaye, wajen taga, inda uwargida take da tukunyar attaruhu da take lallaɓawa tun bazara. Jikin sandar da aka tokare attaruhun da ita akwai ganye uku masu faɗi, kore shar. Ya ɗaga tukunyar, ga fararen saiwoyi sun leƙo ta hujin gindi. Ya ce tun ranar shaida ya hango ta.

Uwargida ta ce, "Au, wannan? Asuwakin nan ne da aka yar. Na ga attaruhu yana faɗuwa na soka."

Sai ƙasar ta bushe take zuba ruwa, ba ta taɓa zarowa ba, ba ta ma san da zamanta ba. Baba ya ƙara da cewa masu dashe sukan ɗan kankare ɓawon gindin reshe da gangan, domin saiwa ta fi fitowa a inda aka ji wa ciwo. Wato haƙoran ƙaninta sun yi aikin gwani. Ya kuma kwantar wa yara hankali, da suka ji karin maganar nan ta cewa in ana cin ɓaure ba a tona cikinsa. Namu na gida da wasu irin na Turkiyya sai wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro ya shiga ciki ya yi barbara suke nuna, shi ya sa manoman Kalifoniya suka yi ta asarar 'ya'yan irin Izmir na Turkiyya har sai da aka kawo musu ƙwaron daga Aljeriya a 1899. Irin na Baba kuwa ba ya buƙatar ƙwaro, kuma reshe ba ya canza hali, abin da uwar ta haifa shi zai haifa, cikin shekara ɗaya zuwa biyu.

Jin za a yi 'ya'ya sai rigimar mallaka ta tashi. Na ce ni aka ba reshen. Uwargida ta ce tukunyarta ce da ƙasarta. Ƙaninta ya bugo waya ya ce da leɓensa ya biya, yana da kashi ɗaya cikin uku. Muka kai ƙara gaban Hajiya, ina da tabbacin uwa ba ta kayar da ɗanta. Ta saurari kowa, ta tambayi sanduna nawa aka ba ni, ta tambayi nawa suka rage a hannuna, ta yi salati.

Ta ce, "Bishiya ta 'yata ce. Yaron nan a ba shi 'ya'yan fari saboda bakinsa. Kai kuma an yarda ka riƙa gaishe ta daga bakin ƙofa, amma in na ji ka kusance ta da buta, ban yafe ba."