Cukun Italiya da Kwamitin Ɗanɗano

A Katuru, da ma sauran garuruwan ƙasar Shinkafi da Zurmi da Kaura Namoda, an riga an tsara wa duk wanda ya tsallaka ƙasar waje abin da zai zama: ko likita, ko injiniya, ko aƙalla mai turo kuɗin ragon layya a kan kari. In wanke-wanke yake yi a gidan abinci, dangi za su rufa masa asiri su ce yana harkar otal. Sai dai akwai sana'ar da ta fi ƙarfin rufin asiri, ita ce wadda wani ɗan yankinmu mazaunin arewacin Italiya ya sanar a zauren dangi na WhatsApp. Wai ya ƙware wajen haɗa cuku a ɗakin girkinsa, yana so ya yi rajista ya buɗe ɗan kamfani.

Har da hoto ya turo. Wani farin dunƙule ne a ƙulle cikin ƙyalle, an rataye shi a jikin famfo, ruwa na ɗiga cikin roba. Kawu ne ya fara fasa shirun da saƙon murya: "Wanga yaro, mi ka damunka? Mun sai da gona mun kai ka Turai, kai ko ka ɓuge da tallan nono?" Gwaggo ta bi baya cikin lallashi: "Ɗana, ka dage da addu'a, wannan ba yin kanka ba ne." Inna ba ta damu da riba ko faɗuwa ba, roƙonta ɗaya kada zancen ya isa gidan surukai. Ƙanwarsa ce kaɗai ta yi tambayar ciniki: "Yaya, awara ce? Nawa-nawa kake yankawa?"

Bawan Allah ya yi ta bayani. Ya ce a yankin da yake, wajen Reggio Emilia da Parma, masu cuku su ne alhazan gari. Cukunsu mai suna Parmigiano Reggiano, dunƙule ɗaya yana shan madara kusan lita 550, nauyinsa ya kai kilo 40, kuma doka ba ta yarda a kira shi da wannan suna ba sai ya kwana wata 12 a kan kanta. Ya ƙara da cewa akwai banki, Credito Emiliano, da tun 1953 yake karɓar cuku a matsayin jingina ya ba da rance, ya adana shi a rumbunsa da tsaro har ya nuna. Da Kawu ya ji haka sai ya ce lallai Turawa ma akwai marasa aikin yi. Shi dai yana so ya ga ranar da wani zai shiga banki a Kaura Namoda da ƙwaryar kindirmo a ka, ya ce a kira masa manaja.

Abin mamaki, cuku ba baƙonmu ba ne. Maƙwabtanmu na Nijar, wajen Tawa da Abalak da Agadas, sun daɗe suna yinsa. Matan Buzaye da na Fulani kan daskarar da sabuwar madara da ruwan tumbin ɗan akuya mai shan nono, su baza ta siririya a kan 'yar tabarma, rana ta busar. Matafiyi ya jefa a aljihu ya yi makonni yana gutsura da shayi, ko a daka a zuba a fura. Ta kudu kuwa, a Kwara da ƙasar Benin, da ganyen tumfafiya ake kama madarar a yi wara, tumfafiyar nan da muke sarewa a bayan gari muna tsaki. Duk wannan mun sani. Abin da muka ƙi sani shi ne namiji mai digiri ya riƙe ludayi. Ya sayar da fetur a galan, ɗan kasuwa ne. Ya sayar da abin da ya fito daga hantsar saniya, sai a fara neman masa magani.

To mu ƙaddara ya yi kunnen uwar shegu da surutun, ya tattaro jarinsa ya dawo gida. Tarnaƙin farko ba na dariya ba ne, kowa ya san shi. Satar shanu da ta'asar 'yan bindiga sun watsa rugage, sun kori garkuna, har a Satumban 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako ta kuma katse layukan waya a Zamfara. Mai neman lita ɗari ta madara kullum a wannan yanki sai ya yi da gaske. Amma ko da zaman lafiya ya dawo gobe, kasuwar Shinkafi ta cika maƙil ranar Alhamis, akwai wata runduna da ke jiransa wadda ba ta ɗaukar makami sai cokali.

Kwamitin ɗanɗano ke nan. Ba a zaɓensa, ba a rantsar da shi, kuma ba ya fashin zama. Ranar buɗe shago za su zo sa albarka, kowa ya gutsura. Washegari su dawo su tabbatar ko jiya harshensu bai yaudare su ba. Rana ta uku a aiko yaro da kwano: "Wai in ji Baba, a sammasa na jiya, baƙi ya yi." Duk mai gutsura kuma sai ya bar shawara a madadin kuɗi. Wannan ya ce gishiri ya yi yawa, wancan ya ce da an sa ɗan yaji, na ukun da bai taɓa sayar da ko allura ba ya ce shi a ganinsa kiwon kaji ya fi. An ce zumunta a ƙafa take, amma ta mai sabuwar sana'a a baki take. Cukun da Bature ke jira wata 12 ya nuna, a hannun kwamitin nan ko la'asar ba zai gani ba.

In ɗanɗano ya gaji, sai bashi ya karɓa. Littafi zai cika da sunaye masu nauyi: surukin yaya, limamin unguwa, abokin marigayi Baba. Ka tura yaro karɓo kuɗi, a ce tunda ka je Turai ka daina ganin mutane da gashi. Ka yi shiru, a ce ai shi ba ya buƙata, da kuɗin Turawa yake wasa. Wanda ya ci maka na dubu biyar zai canza hanyar masallaci, ya riƙa zagayawa ta bayan gari, kuma kai ne za a ce ka raba zumunci.

In Allah ya taimake shi ya tsallake waɗannan har aka ga ya sauya babur, sai mataki na gaba, wato kwaikwayo. Mun gani a kan awara, mun gani a kan cajin waya, mun gani a kan POS. Layi ɗaya, rumfa bakwai, masu saye uku. Cikin wata guda kowane gida zai rataye ƙyalle a tsakar gida. Wanda ba shi da madara ya jiƙa waken suya, wanda ba shi da waken ya dama garin madara da sitaci, a karya farashi har kowa ya faɗi, sannan a taru a majalisa a yanke hukunci cewa dama cuku ba shi da albarka.

Duk da haka akwai ƙofa ɗaya da ke buɗe. Mutumin da ke yamutsa fuska in Bafulatana ta sauke ƙwarya a gabansa, yana taya nonon naira ɗari biyu a kan hamsin har da neman gyara, shi ne zai shiga babban kanti a Abuja ya ɗauki yogot mai kwali da rubutun da ba ya iya karantawa, ya biya ba tare da tari ba, ya ɗauki hoto. A kanti ba ya neman ɗanɗano, ba ya cewa a rubuta. Na'ura ce ke karɓar kuɗin, ita kuwa ba ta san sunan kakan kowa ba.

Saboda haka shawarata ga ɗan'uwanmu ita ce ya yi zamansa can tukuna. Ya cika ƙa'idojin tsabta na hukumarsu, ya sayar wa Turawa da 'yan Afirka masu kewar gida, ya naɗe kayansa a takarda mai sheƙi da tutar Italiya a gefe. In ya tashi aikowa Najeriya, kada ya biyo ta hannun dangi. Ya bi ta kantin da ke da mai gadi a ƙofa, ya ninka kuɗin sau uku. A nan ne za mu saya kuɗi hannu, mu ajiye a firji ko babu wuta don baƙi su gani. In ya zo hutu kuma ya shirya hannunsa, domin duk wanda ya taɓa gutsurar masa kyauta zai zo karɓar tukuicin shawarar da ta kai shi ga arziki.