Ranar da "Yes" Ta Ci Amanar Gogan Naku

Mai wannan shafi ba zai ce "ni" ba a yau, don kunya ba ta sake shi ba tukuna. Yadda Bahaushiya ke kauce wa sunan ɗan fari, haka shi ma zai laɓe bayan "gogan naku" har labarin ya ƙare. Abin ya faru ne ranar Talatar da ta wuce, a zauren jiran jirgin ƙasa na Rigasa da ke Kaduna, a gaban mutanen da ba su gaza 50 ba.

Gogan naku ɗan makarantar allo ne da ta zaure. Ya haddace Ajurumiyya tun gemu bai tsiro ba, ya leƙa Alfiyyar Ibn Malik mai baiti dubu da 'yan kai, amma shi da boko a aji huɗu na firamare suka yi hannun riga. Sai da ya kai shekara 44, 'yarsa ta aji biyar ta gyara masa karatun saƙon banki a gaban baƙi, sannan ya shiga ajin dare. Wata uku ke nan, sau uku a mako bayan Isha'i, da littafin Brighter Grammar na Eckersley da Macaulay a hammata. Littafin kashi huɗu ne, shi kuwa ya kai tsakiyar na biyu.

A wata ukun nan duk ƙarfinsa a kan harafin p ya ƙare, don a nan aka saba yi wa Bahaushe dariya. Hausa ba ta da p mai zaman kanta, shi ya sa kakanninmu da suka karɓi kayan Bature suka mayar da su fetur, famfo, fensir, fenti, fakiti, fasfo da fasinja. Malamin aji ya sa kowa ya riƙe takarda a gaban leɓe ya yi ta faɗin p har sai takardar ta motsa. Gogan naku ya yi ta hura takarda har uwargida ta fara tambayar ko tofi yake yi. Ya haddace rabin aikatau masu taurin kai, waɗanda suka kusa 200, irin su go da ke rikiɗa ya koma went ba tare da harafi ɗaya ya haɗa su ba. Ya san haruffa 26 ne ke ɗauke da sautuka kusan 44. Har raini ya fara shiga tsakaninsa da harshen, ganin cewa kai da ke da ku duk you ɗaya aka ba su, kamar gidan haya.

Sai kalmar mind. Wani dare malam ya nuna musu bidiyon jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, inda tun ƙarshen shekarun 1960 wata murya ke gargaɗin fasinja da "Mind the gap", wato a kula da ramin da ke tsakanin jirgi da dandamali. Gogan naku ya ɗauki jan biro ya rubuta cewa mind shi ne kula, ya ja layi biyu a ƙasa.

Ranar Talata ya yi sammako, ya samu benci, ya ɗora jakarsa a gurbin da ke gefensa. Kafin wani lokaci zaure ya cika. Can sai ga wata dattijuwa, za ta haura shekara 70, da sanda da tabarau da furfura tas. Da ganin ɗaurin kallabinta daga kudu ta fito, da jin lafazinta kuwa ta daɗe tana riƙe alli. Ta tsaya a gabansa, ta nuna gurbin da jakar take, ta ce cikin taushin murya, "Do you mind if I sit here?"

A nan ne za a tafi a hankali, don gogan naku ya maimaita wannan daƙiƙa a ransa ya fi sau ɗari.

Bai firgita ba. Da ma firgita ya yi, da ya ɗauke jaka kawai ya yi shiru, an wuce wurin. Murna ce ta kama shi, don kowace kalma a jimlar ya san ta. Ya feɗe ta yadda ake i'irabi a zaure. Do alamar tambaya ce. You shi ke nan. Sit zama, here nan. Mind kuwa ga ta can da jan biro da layi biyu. Ashe baiwar Allah tambaya take ko yana kula da ita har ta zauna. To wane ɗan halak ne za a tambaya ko ya kula da sa'ar mahaifiyarsa ya ce a'a?

Ya ɗan miƙe rabin miƙewa, irin ta girmamawa. Ya dafa ƙirji da hannun dama. Ya saki murmushin da har haƙorin Makka ya bayyana. Ya ce, "Yes, Mama. I mind."

Dattijuwar ta ƙifta ido sau biyu. Gogan naku ya ɗauka kunnen ne ya yi nauyi, abin tsufa. Sai ya ƙara murya, ya rarrabe kalmomin ɗaya bayan ɗaya yadda malam ya ce a riƙa yi, har na kujerun baya suka ji: "I mind very, very much."

Very biyu ya saka. Ɗaya ma ta isa ta kashe mutum, shi kuwa ya ga tsohuwa ta cancanci ƙari. Kuma duk wannan bidiri jakar tana nan daram a kan gurbin, don hannu ɗaya na kan ƙirji, ɗayan na riƙe da bakin riga. Duk wanda ya kalli abin daga nesa, ga abin da ya gani: ƙaton mutum mai gemu ya kare kujera da jaka, yana yi wa tsohuwa mai sanda murmushi, yana rantse mata da ƙirjinsa cewa ba za ta zauna ba.

Zauren ya yi tsit. Wani mai cin gyaɗa ya tsaya da hannu a iska. Dattijuwar ta sauke tabarau zuwa kan karan hanci, ta dube shi daga hula har takalmi, ta ce, "I see." Wannan ma ya san ta: na gani. Ta ga kirkinsa ke nan. Sai ya rusuna ya ce, "Thank you."

Ta juya a hankali, sanda na ƙwas-ƙwas a kan siminti, ta je ta jingina da ginshiƙi.

Wata ɗaliba da ke ɗaya gefen, mai hijabi ruwan toka da kwamfuta a cinya, ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Kawu, ka san abin da ka ce mata?"

"Na ce ina kula da ita, 'yata."

"Tambayarka ta yi ko zai dame ka in ta zauna. Ka ce eh, zai dame ka. Ka ce ƙwarai da gaske ma. Sannan ka yi mata godiya da ta tafi."

"To da me zan ce?"

"No."

"In ce wa tsohuwa a'a?"

"Shi ne eh ɗin, Kawu."

Ashe mind ba ma'ana ɗaya gare ta ba. Tana nufin hankali, tana nufin kula, kuma in ta shigo tambaya irin wannan tana nufin damuwa. Mai neman izini da ita cewa yake ko akwai damuwa, don haka mai ba da izini a'a zai ce. Abin da ya fi ci wa gogan naku rai shi ne an taɓa yi masa gargaɗi a kan ƙanen wannan rami. In aka ce wa Bahaushe "ba ka ci abinci ba?" ya ce "eh", nufinsa bai ci ba, ya gaskata mai tambaya. Bature a nan No zai ce, don shi abincin yake dubawa. Larabawa sun raba gardama da kalma biyu, na'am mai tabbatar da maganar yadda aka faɗe ta, da bala mai rushe korewa, kuma gogan naku ya sha carbi a ka a kan wannan bambanci shekara 25 da suka wuce. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram masu karatun Faransanci su ma suna da si don wannan aiki. Mutum ya tsallake kogin Larabci, sai ga shi ya nutse a kwatamin Turanci.

Yana cikin wannan zufa ne sai ya ji an taɓa masa kafaɗa ta baya. Wani dattijo ne mai jar dara, goro a kumatu, ƙaramar rediyo a rataye a wuya.

"Yaro, kada ka saurari 'yan bokon nan. Ba laifin kalma ba ne. Ta baki ka yi shi."

"To ta ina ake yi, Baba?"

"Ta hanci! Turanci ta hanci ake yin sa. Ni nan da kake gani na yi dakon buhu a dalar gyaɗa ta Kano ina saurayi, na ji Turawan kamfani da kunnena. Ba wanda ke buɗe baki a cikinsu. Da ka tura wannan mayin ɗin ta hanci, da tuni ta zauna tana sa maka albarka."

Baba ya gyara zaman goro, ya kawo hujja. Ya ce marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa da ya tsaya a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960, ai hancin ne ya sa Turawa suka miƙa wuya. Gogan naku ya sha sauraron wannan jawabi na ranar 7 ga Oktoba, kuma muryar da aka yi wa kirari da ta zinariya daga ƙirji take fitowa. Sirrinta shekara biyar ne a Kwalejin Katsina, daga 1928 zuwa 1933, da shekarun koyarwa a Bauci, da ƙarin karatu a Landan. Amma wanda ya gama korar tsohuwa daga benci ba shi da bakin yi wa tsoho gyara.

"Na biyu," in ji Baba, "kowace magana ka fara ta da akcuwali. Ita ce bisimillar Turanci. Ko ba ka san abin da zai biyo baya ba, ka faɗe ta, sauran za su zo da kansu."

"Na uku fa?"

"Na uku shi ne makarin. Da mayin ka ɗaure ta, da neba mayin za ka kwance ta. Kowane ƙulli da makarinsa. Tashi maza."

Ɗalibar ta buɗe baki za ta yi magana, Baba ya ɗaga mata yatsa. Gogan naku kuwa, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ya saɓi jaka, ya ratsa zauren nan idanu na bin sa, ya tsaya gaban dattijuwar, ya tattara iska ya tura ta sama.

"Actually, Mama, never mind."

Daga baya ya samu labarin cewa ma'anar wannan ita ce ki manta kawai, a bar zancen. Wato ya hana ta kujera, ya yi mata godiya, sannan ya taso takanas ya ce mata kada ta sa abin a ranta, da murya irin ta mai mura.

Ta sake sauke tabarau. Ta ce, "Oh, I don't."

Gogan naku ya tsaya yana lissafi, ko wannan eh ce ko a'a. Ya waiwaya neman ɗalibar, ya tarar ta cusa fuska cikin hijabi, kafaɗunta na rawa. Ya dubi benci, sai ga wani ƙato da buhunsa sun mamaye guraben biyu, nasa da na jakar, ba tare da ya tambayi kowa da kowane harshe ba. Haka gogan naku da dattijuwar suka raba ginshiƙi ɗaya, ita gabas shi yamma, har aka kira fasinja.

Baba ya ɗaga murya daga inda yake zaune: "Hancin bai isa ba, yaro!"

Tsakanin Rigasa da Idu kilomita 186 ne, a layin da aka buɗe a 2016, kuma tikiti ya haɗa gogan naku da Baba kujera ɗaya. Kafin Rijana ya koyi cewa the ado ce, ana yayyafa ta kamar gishiri. Ya koyi cewa ing ana liƙa ta ne in magana ta yi gajarta. Ya koyi cewa shan shayi ba sukari yana gyara lafazi. Rediyon wuyan Baba kuwa tana ta ɓaɓatu tun daga Kaduna.

Wajen Jere wani saurayi mai kwat da ke kujerar gaba ya juyo, ya dubi Baba da ladabi, ya ce, "Excuse me, sir, would you mind turning down your radio?"

Gogan naku ya gyara zama don ya ga aikin gwani.

Baba ya dubi saurayin, ya dubi rediyo, ya haɗiye goro. Sai ya jingina kai da taga, ya lumshe ido, ya soma minshari. Ta hanci kuwa.