Direban da ba shi da mota

Idan ana neman wanda ya fi kowa sanin amfanin motsa jiki a unguwarmu, ni za a nuna. Idan kuma aka koma neman wanda ya fi kowa ƙin motsawa, ba sai an sauke yatsan ba. Masallacinmu na nan bakin layi, har tarin liman ana ji daga tsakar gidana, amma na sha hawa adaidaita sahu don sallar La'asar. Katin waya yaro nake aika, ruwan sha ma yaro. Rimot idan ya yi wa hannuna nisa sai in haƙura da tashar da ke kai, ko da tallan maganin basir ake yi.

Shekara da shekaru garkuwata guda ce: gado. Hawan jini ya kama mahaifina, ciwon zuciya ya ɗauke wansa, Allah Ya jiƙansu. Duk wanda ya ce min in rage tsiren dare in riƙa ɗan zagayawa, sai in ce masa abin a jini yake, da mai gudu da mai zama duk hanya ɗaya za su bi, gara in bi tawa a zaune. Magana ce mai kama da tawakkali, shi ya sa ba a cika ja da ni ba. Ni kaɗai na san lalaci ne ya naɗa rawani.

Karatu ne ya ɓata min wannan hujja, karatun ma a kwance na yi shi. Akwai fannin da ake kira efijenetiks, sunan da wani masani ɗan Birtaniya, Conrad Waddington, ya raɗa masa a 1942. Abin da masu fannin suka gano shi ne, ƙwayoyin gadon da mutum ya samu daga uwa da uba ba sa sauyawa, amma jiki na ɗora musu wasu ƙananan alamomi na sinadari, mafi shahara a cikinsu ana ce masa metil. Inda alamar ta taru a bakin wata ƙwayar gado, yawanci sai ƙwayar ta yi shiru. Inda ta ragu, sai ta farka ta kama aiki. Kamar wasiƙar ajami ce: baƙaƙen na nan yadda aka rubuta su, wasullan da aka ɗora a kai ne ke nuna yadda za a karanta. Baƙaƙena iyayena ne suka rubuta. Wasullan kuwa, ashe da hannuna a ciki, da cikina, da kujerata.

Cewa waɗannan alamomi na iya bin mutum har tsufa, an gani a Holan. A hunturun 1944 zuwa 1945 'yan Nazi sun tare hanyoyin abinci, yunwa ta faɗa wa yammacin ƙasar. Yaran da aka ɗauki cikinsu a lokacin sun girma an fi samun ciwon zuciya a cikinsu, kuma a 2008, bayan shekara sittin da ɗoriya, aka auna jininsu aka tarar alamar metil a kan wata ƙwayar gado mai suna IGF2 ba ta kai ta 'yan'uwansu da aka haifa cikin wadata ba. Na karanta wannan na yi ajiyar zuciya, na ce alhamdulillahi, yunwa dai ba ta taɓa zama matsalata ba.

Binciken da ya fi tsaya min a rai na Suwidin ne. A 2014 masana a cibiyar Karolinska suka tara matasa 23, maza da mata, suka sa su motsa ƙafa ɗaya tal a kan wata na'ura mai kama da keke, minti 45, sau huɗu a mako, har wata uku. Ɗaya ƙafar aka bar ta ta huta. Dabarar ta burge ni: mutum ɗaya, gado ɗaya, abinci ɗaya, barci ɗaya, bambancin kawai wannan ƙafa ta yi aiki, waccan ba ta yi ba. Da aka gutsuro ɗan naman cinya daga kowacce aka duba, sai ga sauyin alamomi a wurare kusan 5,000 a ƙafar da ta sha wahala, da yawa kusa da ƙwayoyin gadon da ke kula da ƙona sukari da kitse da kuma kumburin cikin jiki. Waɗannan su ne abubuwan da, idan suka lalace, kitse ke taruwa a bangon jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini, hanya ta yi ta ƙuntata har ran da za ta toshe. Mai hankali ya karanta wannan sai ya nemi takalmi. Ni kuwa tunanin da ya fara zo min shi ne, da ina Suwidin lokacin da na nemi aikin ƙafar da ke hutawa.

Ba a nan na tsaya ba. Shekara biyu kafin wancan, a 2012, wata tawaga a ƙarƙashin Juleen Zierath ta nuna cewa ko motsa jiki na zama ɗaya, in an yi shi da ƙarfi, yana rage metil a kan ƙwayar gado PGC-1α, wadda ke taimaka wa tsoka ta ƙara wuraren sarrafa kuzari. A can cikin rahoton sun ambaci cewa sinadarin kafin, wanda ke cikin kofi da shayi, ya yi irin wannan aiki a kan ƙwayoyin tsoka da aka raina a ɗakin gwaji. Duk rahoton wannan layi na riƙe. Na kai shi teburin mai shayi, na bayyana wa 'yan majalisa cewa kimiyya ta tabbatar muna kan hanya, na sa aka ƙara min kauri da madara. Abin da ban faɗa musu ba shi ne, yawan kafin ɗin da zai yi wannan aiki a jikin mutum ya wuce abin da za a sha a kwana lafiya. Ban kuma faɗa musu cewa sauyin zama ɗaya ba ya daɗewa ba, sai an yi ta maimaitawa.

Gadon nawa ma an auna shi. A 2016 Amit Khera da abokan aikinsa suka duba mutum fiye da 55,000, suka ware waɗanda gadonsu ya fi jawo ciwon jijiyoyin zuciya. A cikin waɗannan, wanda ya cika aƙalla uku daga sharuɗɗa huɗu, wato ƙin shan taba, rashin ƙiba mai yawa, cin abinci mai kyau da motsa jiki ko sau ɗaya a mako, haɗarinsa ya ragu da kashi 46 cikin ɗari. Sau ɗaya a mako fa! Na ƙirga nawa. Ba na shan taba. Daga nan lissafi ya ƙare.

Yanzu mafakata ita ce "ana kan bincike". Gaskiya ne masana na ta muhawara kan ko sauyin alamomin ne da kansa ke kare zuciya, ko kuwa shaida ce kawai ta gyaran da jiki ke yi, kuma nakan faɗi haka da murya irin ta manya. Sai dai muhawarar a kan yadda abin ke aiki ce. Cewa yana aiki, an san wannan tun 1953, lokacin da likita Jeremy Morris ya duba ma'aikatan sufurin Landan kusan 31,000, ya ga direbobin bas masu bene, da ke wuni a zaune, sun fi kwandastocin da ke hawa da sauka a matakala kamuwa da ciwon zuciya. Da aka ce ai wataƙila dama direbobin masu ƙiba ne, sai ya je ya karɓo awon wandunan da kamfanin sufurin ke raba musu, ya sake lissafi. Morris ya yi ta motsa jikinsa har ya kai shekara 99. Ni direba ne da ba shi da ko mota ɗaya ta haya.

Da Morris a Kano ya zo neman awon wando, da ya sha wuya. Wandonmu mai zariya ne, ba ya tona asirin kowa: ka ƙaru, zariya ta ragu, babbar riga ta rufe sauran. Tela ne kaɗai ya san gaskiya. Da na kai ɗinkin Sallah, nawa ya zagaya tef a cikina, hannayensa suka haɗu da ƙyar, ya duba lambar, ya duba tsohon littafinsa, ya ce, "Alhaji, Allah Ya ƙara buɗi. Amma a ƙaro yadi ɗaya." Na ce masa shaddar bana ce ba ta da faɗi. Ya ce haka ne, ranka ya daɗe, ya rubuta sabuwar lambar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin tafiya da sauri, kuma ta ce cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum kusan miliyan 17.9 a 2019. Ni da bakina na karanta wa uwargida wannan, don ta san mijinta masani ne. Ta ce, "To Malam, yaushe za a fara?" Na ce bari zafi ya wuce. Zafi ya wuce damina ta shigo da taɓo, damina ta wuce hunturu ya zo da ƙura mai illa ga huhu, sai ga azumi, wanda kowa ya san ba lokacin wahalar da jiki ba ne.

Da ta gaji, sai ta haɗa baki da maƙwabcinmu, wani tsohon soja da ke zagaya unguwa kullum bayan Asuba. Ana sallamewa sai in ji hannunsa a kafaɗata: "Malam, mu je." Na gwada tsawaita addu'a, ya jira. Na gwada ficewa ta ƙofar gefe, na tarar da shi riƙe da takalmana. Daga ƙarshe na sauya masallaci, na koma wani can bayan makarantar firamare inda bai san kowa ba. Tafiyar minti goma sha biyar ce zuwa, sha biyar dawowa, kuma da yake kullum a makare nake tashi, da sassarfa nake tafiya don in samu raka'ar farko, in isa ina haki. Ranar da na zauna na yi lissafi na ga na haura minti 150 ɗin nan ba da sanina ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Yanzu haka ina cigiyar mai adaidaita sahu da ke fitowa kafin kiran salla, mu yi jinga ta wata-wata.