Saya Ka Hau

Daga cikin jarrabobin da Allah Maɗaukakin Sarki Yake gwada haƙurin bayinSa da su a wannan zamani, akwai masu zuwa ba sallama, irin su zazzaɓi da gobara da baƙon da bai faɗi ranar komawa ba. Akwai kuma guda ɗaya tak wadda bawa da kansa yake zuba adashi shekara da shekaru dominta, ya ci bashi ya cika, ya taka da ƙafarsa ya ɗauko ta, sa'an nan ya tara 'yan'uwa da abokan arziki su kewaye ta suna shafawa, suna cewa Allah Ya tsare, Allah Ya sa rai aka yi wa. Wannan kuwa ita ce motar hannu.

Ba haka al'amarin yake ba a da. Dattawan da suka yi aikin gwamnati bayan kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975 suna ba da labari cewa ma'aikaci mai matsakaicin muƙami yakan sami rancen mota, ya fito da 504 sabuwa fil, kuma ba ya cire ledar kujera sai ta gaji ta yage don kanta. Da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta zube, sai sabuwar mota ta koma hannun gwamnati da manyan attajirai, mu kuwa aka bar mu da abin da Turawa suka hau suka gaji, ana lodo shi daga tashar jiragen ruwa ta Antwerp a ƙasar Beljiyam, a sauke a Kwatano, a biyo da shi ta hanyoyin da direbobi suka sani. Gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu tun daga 1 ga Janairu 2017, sai dai ga alama motocin ba su sami labarin dokar ba.

Farkon wanda mai niyyar saye zai gamu da shi shi ne dillali, mutum mai fara'a da yawan rantsuwa, wanda kowace mota a filinsa tana da tarihi, tarihin kuma ba ya wuce riwaya biyu. In 'yar waje ce, to wata tsohuwa ce a Jamus ta hau ta, ba ta zuwa ko'ina sai coci ranar Lahadi. In kuwa an taɓa hawanta a nan gida, to ta matar wani likita ce, yara kawai take kaiwa makaranta. Da malaman da ke tantance maruwaita za su zauna a kan wannan isnadi, da ba su kai azahar ba sun watsar da shi, domin babu wanda ya ga tsohuwar, babu wanda ya ji daga wanda ya gan ta, kuma hankali bai yarda a ce ƙasar Jamus duka tsofaffin mata ne masu zuwa coci ba. Alhali kuwa da yawa daga cikin waɗanda ake kawowa daga Amurka a yau, a gwanjon kamfanonin inshora aka saye su bayan sun yi hatsari ko ambaliya ta shanye su, aka buge jiki, aka fesa fenti, aka mai da agogon tafiya baya har mota mai shekara ashirin ta koma budurwa. A gindin gilashin gaba, ta wajen direba, akwai wata lamba mai haruffa da alƙaluma 17, wadda in aka bincika ta a intanet sau da yawa takan tona asirin motar. Amma mai saye ba ya duba wannan, shi dai ya shuri taya da ƙafa, ya kunna rediyo, ya ji sanyin iyakwandishan, ya gyaɗa kai. Yana cikin haka sai ga wani ya ɓullo, wai shi ma ita yake so, ya taya sama da abin da aka taya, ya yi waya yana cewa a turo kuɗi yanzu. Malaman fiƙihu suna kiran wannan najashi, sun kuma haramta shi. A filin dillalai kuwa sana'a ce mai la'adarta. A ƙarshe dillali ya damƙa makulli ya ce, “Alhaji, wallahi ba abin da za ka taɓa, saya ka hau.”

Ya hau ɗin kuwa. Kafin masu zuwa barka su ƙare, wata 'yar fitila mai launin ruwan ƙwai, mai siffar inji, ta kunnu a gabansa ta ƙi mutuwa. To, da yake har yanzu zuciyarsa na cike da izzar sabon mai mota, sai ya ce tasa ba ta gindin bishiya ba ce, wurin masu ita zai kai ta, wato babban kamfanin da ke sayar da sababbin irinta, mai kuma wurin gyara na musamman.

A nan ne zai ga abin da ake kira ladabi. Maigadi ya buɗe ƙofa ya sara masa, wani saurayi cikin kwat ya tarye shi da “Barka da zuwa, Yallaɓai,” a rubuta sunansa da lambar wayarsa da ta motarsa a takarda uku, a kai shi wani ɗaki mai sanyi da kujerun alfarma da talabijin, har a kawo masa shayi a kofin tangaran, shi kuwa yana kurɓa yana jin lalle ya shiga sahun manya, bai san cewa wannan shi ne shayi mafi tsada da zai sha a rayuwarsa ba. Kafin a ɗaga murfin inji sai ya biya kuɗin dubawa. Dubawar kuwa ita ce a sa mata kwamfuta: tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da wata 'yar kafa a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'ura ta karanto ƙorafin inji cikin abin da bai kai tsawon alwala ba. Amma a kamfani wannan karatu yakan ci yini guda, saboda girman wuri ba ya barin a yi abu da gaggawa. Ita na'urar iyakarta ta nuna sashen da kukan ya fito, ba ta cewa ga abin da ya lalace. Gano wannan aikin mai basira ne. Sai dai mazhabar kamfani ta ginu a kan asali guda, shi ne ba a gyara, canzawa ake yi, kuma in an canza abu to maƙwabtansa ma sun cancanci canji, don kada a yi zalunci a tsakaninsu.

La'asar sakaliya saurayin nan zai dawo da takarda mai shafi biyu, ya miƙa da hannu biyu. Mai mota ya bi ta da ido tun daga sama, yana wuce sunayen abubuwan da bai taɓa sanin yana da su ba, har ya iso jimla, ya ga ta haura rabin kuɗin da ya sayi motar, sai ya yi salati a hankali, ya tambaya ko kuskure aka yi wajen sifiri. A ce masa babu kuskure, bal ma ba a sa kuɗin aiki da haraji ba tukuna. In ya yi ta maza ya ce a yi, sai a sanar da shi cewa kayan babu su a ajiye, za a aiko daga Legas. Bayan mako biyu Legas ta ce sai Dubai, Dubai ta ce sai Japan, daga nan kuma labari ya zama ɗaya, kwantena na kan ruwa. Kuma tun da aka saki naira ta nemi matsayinta a kasuwa a watan Yunin 2023, farashin da aka faɗa ranar Litinin ba lalle ya kai Alhamis da rai ba. In ya matsa, sai a tausasa murya a ce, “Ai Yallaɓai, taka samfurin Amurka ce, ba irin wadda muke kawowa ba ce,” maganar da aka sani tun ranar da ya shigo, aka adana ta sai bayan ya biya kuɗin dubawa. Don adalci dai, ba dominsa aka gina wurin ba: an gina shi ne domin bankuna da ma'aikatu masu sababbin motoci, waɗanda garantinsu ke warwarewa in an kai su wani wuri, waɗanda kuma mai sa hannu a takardar biya ba daga aljihunsa kuɗin ke fita ba. Ala ayyi halin, zai karɓi motarsa an wanke ta tas, an shimfiɗa masa takarda mai tambarin kamfani a wurin taka ƙafa, fitilar nan kuwa tana nan tana kallonsa.

Daga nan sai gindin darbejiya, wurin bakanike, wanda a da aka raina. Shi ba ya neman takarda, ba ya ba da shayi, zai ce a tayar, ya karkata kunne, ya lumshe ido, ya yanke hukunci da ƙiyasi: “Filogi ne, Alhaji, jiya ma an kawo irinta.” A canza filogi, ciwo na nan. Ya ce to famfon mai ne. A canza famfon mai, ciwo na nan, har ya sami ƙane. Kowane zagaye sai an tura yaro kasuwar Ƙofar Ruwa, inda kowane ƙarfe yake da daraja uku, na kwali mai araha, da ɗan Beljiyam, da wanda ake rantsuwa na asali ne, kuma Allah kaɗai Ya san wanne aka biya kuɗinsa, wanne aka ɗaura. Yana da fatawoyi da ya gada daga maigidansa, ba a jayayya da su. Babba a cikinsu ita ce ɗan bawul ɗin nan mai daidaita zafin inji na ƙasar sanyi ne, don haka a cire a yar, a haɗa fanka kai tsaye. Sakamakon kuwa inji ya daɗe bai kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai ba, ya riƙa shan mai fiye da ƙima. Lagireto a cika shi da ruwan rijiya har tsatsa ta cinye shi. Akwai kuma wani abu a cikin salansa mai tace hayaƙi, wanda 'yan gareji ke kira indomi, yana ɗauke da ƙarafa masu tsada ƙwarai, yana kuma da ɗabi'ar ɓacewa in mota ta kwana a wurin da ba amana, sai ta dawo gida da sabuwar murya da wari mai hawa kai. In aka gama ɗauri aka ga kusoshi huɗu sun yi saura a ƙasa, sai a ce Bature ne ya yi almubazzaranci. Duk da haka ban yarda a ci mutuncin bakanike ba, domin shi ne yake riƙe da ran motocin da waɗanda suka ƙera su suka manta da su, da guduma da waya da basira, kuma shi ne ya warware mas'alar da ta gagari kamfani: ya yanko ɗan baƙin salatif ya manne a kan fitilar, mai mota bai sake ganinta ba.

Saura mutum guda ba mu bincika ba, shi ne mai ƙarar kansa. Wannan bawan Allah da ke zaune a majalisa yana tsine wa dillali da kamfani da bakanike, ba ya juyen baƙin mai sai inji ya fara ƙara, in ma zai yi, na kwalba zai saya a bakin titi. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, allurar tankinsa ba ta sake barin ja ba, alhali famfon da ke cikin tanki da man yake samun sanyi. In ya ƙone kuma, a ce sharrin bakanike ne. Tayoyinsa na hannu ne, ga makon da aka yi su da shekarar an rubuta a jikinsu da alƙaluma huɗu, bai taɓa sunkuyawa ya karanta ba. Ranar biki zai loda mata tara da kulolin abinci, ranar Sallah rago, ranar dawowa daga ƙauye buhu uku na masara, sa'an nan ya yi mamakin abin da ya karya ƙafar mota. Amma fatar tunkiya a gaban gilashi, da turare, da baƙin gilas, waɗannan ba a yi musu ƙwauro. Kwana huɗu a mako tana ajiye a ƙofar gida saboda tsadar mai, kullum kuma sai an wanke ta, shi kuwa ya shiga A Daidaita Sahu yana kaɗa makulli a yatsa don kada fasinjoji su ɗauka shi ma irinsu ne. Bakanike ya yini a ƙarƙashin mota, a ba shi rabin kuɗin aiki a ce, “Sai na dawo.”

Ranar da haƙuri ya ƙare, ba ya kai ta a yanka a sayar da ƙarfe. Sai ya sa a zuba mata baƙin mai mai kauri don ƙarar inji ta kwanta, a toshe inda take yoyo, a fesa fenti, a sabunta salatif. Wannan ita ce dabarar da magabata suka sani a kasuwar dabbobi, inda ake ƙin tatsar akuya kwana biyu don hantsarta ta cika mai saye ya ruɗu, abin da shari'a ta hana, ta kuma ba wanda aka yaudara damar mayarwa. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda mutumin namu ya karanta a zaure yana yaro, ta yi bayanin haramcin algus da ɓoye aibin haja a babin ciniki; yana tune da babin sarai, ya dai ɗauka ba a ambaci mota a ciki ba. Sai ya kira dillalin nan dai da ya sha tsine wa, su gaisa da fara'a, ya dafa ƙirji ya ce, “Ka gaya wa duk mai so, uwargida ce ke hawa, yara kawai take kaiwa makaranta.”

Saboda haka, ya kai mai karatu da ka kusa kwasar adashi, in ka ƙudura niyya babu mai hana ka, to ka je da sassafe tun inji yana sanyi, kada ka faɗa wa dillali lokacin zuwanka, ka sa farce ka kankari gilashin da ke gaban sitiyari ko za ka ji salatif, ka kuma tafi da bakanikenka. In kun isa ka ga shi da dillalin sun gaisa da sunan yara, ka ce ka manta wani abu a gida.