Wai Likita Shi Kaɗai Ya Isa?

Na ji ku, 'yan na-ƙi. Kun ce zancen ma'aikatan asibiti su riƙa sanar da juna halin marar lafiya surutun taron bita ne kawai: likita ya duba, ya rubuta, shi ke nan. Madalla. To wa zai karanta rubutun nan nasa mai kama da inda kaji suka yi tono?

Likitan naku 'yan mintoci yake yi a bakin gado lokacin zagaye. Nas ce ta kwana da marar lafiyar, ita ta ga ya amayar da maganin dare. Mai gwajin jini ne ya riga kowa ganin ƙoda ta fara gazawa. Mai ba da magani kuma ya san ƙwayoyin nan biyu ba sa shiri a ciki ɗaya. Kowa ya ƙanƙame abin da ya sani, kamar 'yan uba ranar rabon gado. A yawancin asibitocinmu, mai haɗa labarin ƙanin marar lafiya ne, sanye da silifas, yana safa da marwa tsakanin ɗakin gwaji da kantin magani. Da ya fita sayo ruwan zafi, labari ya yanke.

A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da takardar abubuwa 19 da za a tabbatar a ɗakin tiyata, dabarar da aka aro daga matuƙa jirgin sama. Ɗaya daga ciki: kafin a sa wuƙa, kowa ya faɗi sunansa da aikinsa. Ku dara, na yarje muku. Babban likita da furfurarsa yana gabatar da kansa kamar sabon ɗan firamare! Amma nas ɗin da aka ji muryarta tun farko ita ce za ta iya cewa, "Ranka ya daɗe, audugar ba ta cika ba," kafin a ɗinke ta a cikin mutum. An gwada takardar a asibitoci 8, daga Landan har Ifakara ta Tanzaniya. Sakamakon da ya fito a 2009 ya nuna mace-macen waɗanda aka yi wa tiyata sun sauka daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8.

Har yanzu Malam yana taɓe baki? To, Allah ya kiyaye, ranar da aka gungura ka ɗakin tiyata, ka ɗaga kai ka ce musu su bar gaishe-gaishen nan, sauri kake yi.