Kafin Ka Sayi Tsohuwar Jif, Shimfiɗa Tabarma a Ƙarƙashinta

Duk wanda ransa ya biya da wata tsohuwar Land Rover ko Land Cruiser da ya hango jibge a bayan gareji, kaji sun mai da kujerarta wurin saka ƙwai, to ya saya, ban hana shi ba. Sharaɗina ɗaya ne: ƙashin bayanta zai saya, ba fuskarta ba. Ranar ciniki ka bar babbar riga a gida. Ɗauki tabarma da tocila da 'yar guduma, ka kwanta ƙarƙashin motar kamar mai neman allura, ka bi dogayen ƙarafan nan biyu da suke ɗauke da ita kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe amsawa yake yi tangaran. Wanda tsatsa ta cinye kuwa, sai ka ji dum, jan gari ya zubo maka a ido. In guduma ta nutse, naɗe tabarmarka, ka ce wa dillali a gaida gida. Injin da ya buga ana saukewa a ɗora wani, giya da birki duk ana gyarawa, amma ruɓaɓɓen gindi, kai da mai walda sai kun zama surukai.

Dillali zai rantse maka cewa Land Rover ba ta tsatsa, kuma da ɗan gaskiyarsa. Tun fitowarta a 1948, lokacin da Ingila ke fama da ƙarancin ƙarfe bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da alminiyam ake yi mata bodi. Sai dai gindin da bangon da ya raba injin da direba na ƙarfe ne, shi ya sa za ka ganta fes a waje alhali ciki ya zama garin kuka. Wani kuma zai ce ai ƙasarmu busasshiya ce, ina tsatsa za ta fito? To, ka tambayi inda motar ta yi ƙuruciya. Wadda ta fito daga Turai ta sha gishirin da ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara, da cutarta ta sauka daga jirgi.

In gindi ya ci jarrabawa, kada ka biya tukuna. Zagaya Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ka tambayi kuɗin lagireto da kuloci na irinta. In mai shago ya ɗaga kai yana kallon rufi, amsa ke nan. A nan Toyota ta yi zarra: samfurin Land Cruiser 70 tun 1984 ake ƙera shi har yau, injin dizal ɗinsa 1HZ mai lita 4.2 kuwa makanikan Agadas sun san shi kamar yunwar cikinsu. Tsohuwar Land Rover Defender an daina ƙera ta a Janairun 2016. Kayanta suna nan tari a Ingila, amma da fam ake saye.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne shan mai, musamman tun da aka janye tallafin fetur a Najeriya a 2023. Gaskiya ne, zuƙa take kamar raƙumin da ya iso rijiya, don haka ba motar kai yara makaranta ba ce. Amma a watan Agusta, sa'ad da hanyar ƙauye ta zama kunu, ita ce za ta wuce ta kuma janyo masu sheƙi. Ba kwamfuta a cikinta, makanikin bakin kasuwa zai gano ciwonta da kunne.

Saura abu biyu. Ware kuɗin gyara daban, kada ka taɓa na hatsi. Sannan ka sami uwargida ka gaya mata gaskiya tun da wuri, cewa inuwar mangwaron da take tsintar shinkafa za ta yi baƙuwa a kan duwatsu huɗu, wataƙila har damina biyu.